Simintin da Na Shafa wa Ɗakin Inna

Ɗakin Inna shi kaɗai ne soro a unguwarmu ta bakin fadama a Bagudo, sauran duk ɗakunan ciyawa ne. Babana ya gina shi lokacin da yake fataucin goro, da azarar giginya da tubalin da shi da kansa ya kwaɓa. A cikinsa aka kai Inna amarya, a cikinsa ta haife mu mu bakwai, biyu muka rayu, ni da ƙanwata. A cikinsa aka yi wa babana wankan ƙarshe. Inna ta sha faɗa, kuma ba da wasa ba, cewa ta ƙofar ɗakin nan za a fitar da ita. Ni na hana, kuma ba da mugunta ba, da gyara.

Ana saura kamar shekara a karɓi mulki daga hannun Turawa na dawo gida daga aikin hanya. Shekara uku na yi ina ɗaukar kwanon siminti a ka, ina kai wa magina masu gina kwalbati a wajen Birnin Kebbi. Ko sau ɗaya ba a taɓa miƙa mini cokalin gini an ce in shafa ba. Kallo kawai na yi. Amma na dawo da cokalin da na saya a kasuwa, da gajeren wando, da baki cike da labari, har yaran unguwa suna ce mini injiniya, ni kuma ina amsawa. Matata ta riga ta koma gidansu tun kafin tafiyata, kuma ko a lokacin ban ga laifinta ba, don na san halina. Saboda haka gidan ya rage daga ni sai Inna: ita a soro, ni a wata bukka kusa da zaure.

Na tarar ƙafafunta sun lalace. Gwiwoyin sun kumbura, in ta zauna sai ta dafa bango take tashi. Makewayinmu kuwa yana can ƙarshen gida, bayan rumbuna, zana ce kawai aka kewaye, da dutsen tsayawa da tukunya. Wata rana da hantsi na shigo na same ta zaune a ƙasa tsakanin ɗaki da rumbu, buta a gefenta, zaninta a jiƙe. Na ce, “Inna, lafiya?” Ta ce kaji take kallo. Babu kaza ko ɗaya a wurin. Na juya na fita don kada ta ga fuskata, na tsaya a zaure ina jin kamar in fasa wani abu.

A tsaye a nan na gama shirya komai. Zan fasa ƙofa a bangon ɗakinta na gabas, in gina mata wurin wanka a manne da shi, taku uku daga gadonta, da ɗan dakali da za ta zauna ta yi wanka ba sai an riƙe ta ba. Tunda kuma an taɓa, in fasa tsohon daɓen, in zuba siminti, in shafe bangon ciki da waje, ta huta da yaɓe har abada. Duk ƙasar ana maganar sabon zamani, ni ma na ce uwata za ta shiga nata.

Ya kamata in faɗi wace ce na tashi yi wa wannan gwaninta. A zamaninta ba a daɓen ɗakin amarya daga Bagudo har Kende ba a aiko mata ba. Ita ke zaɓen burji, jar tsakuwar da ake daɓe da ita, ita ke jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi baƙi, ita ke gaban layin mata da maɗabinta, suna bugu suna waƙa tun safe har la’asar. Daɓen ɗakinta ja ne mai duhu, yana sheƙi, in ka zuba ruwa sai ya tsaya ya dunƙule. Bangon gabas kuwa, wanda hadari ke duka, kowace shekara kafin ruwan farko da tafin hannunta take bin sa, tana ƙwanƙwasawa, inda ta ji ya canza murya ta ɓamɓare ta yaɓe.

Na je na gaya mata shirina. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

“Kai wanga,” ta ce, “mi ɗakin ga yay yi maka?”

Na ce ba abin da ya yi mini, ita nake tausayi. Na ce kuma ba za ta zauna cikin ƙura da fashe-fashe ba, zan kai ta wurin ƙanwata har in gama. Ƙanwar tawa tana aure a wani ƙauye a ƙasar Dahome, bayan an ƙetare kogin Kwara an wuce iyaka da kaɗan.

“Gidan suruki?” ta ce. “Ni?”

“Kwana ashirin, Inna. Ba ya wuce haka.”

Ta ƙi, na matsa, ta ƙi, na ɗaga murya. Na ce ko so take in riƙa tsintar ta a tsakar gida mutane suna cewa ta haifi ɗan banza? Daga nan ta ɗaure kayanta a tsumma. Na ɗora ta a jaki zuwa bakin ruwa. Sai da Basarke mai fito ya tura jirgi muka rabu da gaɓa ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

“In ka ƙi ji, to kak ka taɓa bangon gabas. Kuma ka bar ma bango inda za shi sha iska. Ƙasa tana shan ruwa, tana son ta maido shi.”

Na ce na ji. A raina na ce tsohuwa ba ta san siminti ba.

Daga Dahome ɗin na yo odar simintin, masu jirgi suka kawo mini buhunan a rufe da tabarmi. Ranar da na fara aiki, wani tsohon magini, abokin babana wanda suka ɗora azarar ɗakin tare, ya zo ya tsuguna a inuwa yana kallona. Ya bari har na zana girman ƙofar da gawayi a jikin bango.

“Ɗana, nan za ka hwasa?”

Na ce nan.

“Indararon soro hwa? Ga shi nan bisa kanka. In ka gina wurin wanka nan, ina ruwan soro ka zuba?”

Na ce a cikin wurin wankan zai zuba, ya wanke shi kyauta, ya bi rariya ya fita. Har dariya na yi, don ina ganin wannan dabara ce da ko Bature bai yi tunaninta ba. Ya ce to in zan shafa abin nan, in bar kamu ɗaya daga ƙasa ba shafe. Na tambaye shi kwalbati nawa ya taɓa ginawa. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ce Allah ya ba da sa’a, ya tafi. Bai sake shigowa gidanmu ba sai ranar da ya zo mini jaje.

Daɓen ne ya fara ba ni kunya, da ina da kunyar. Kwana uku ina dukansa da diga, tana tsalle tana dawo mini, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na fasa kankare a wurin aiki wanda bai kai shi tauri ba. Ina dukan ina zaginsa. Da ya buɗe, sai na tarar a ƙarƙashinsa an shimfiɗa tsingaro, fasassun tukwane jere a kife, a ƙarƙashinsu gawayi, a ƙarƙashin gawayin yashi mai tsabta. Na ce ka ga aikin mutanen da, shara suka binne suka daɓe a kai. Na kwashe duka a kwando na zubar a bayan gida, na cike wurin da jar ƙasa na tattake.

Kwana ashirin suka wuce ina kan fasa ƙofa. Bangon ya fi kamu biyu kauri, kuma da na huda shi wata tsaga ta tashi daga kusurwar ƙofar ta nufi sama. Na cusa mata siminti ta ɓace. Abin da na fi so ga siminti ke nan a lokacin, duk abin da ka rufe da shi sai ka daina ganinsa.

Bayan wata biyu simintin ya ƙare, na ƙetara don in nemo wani, in kuma gaida Inna. Ƙanwata ta tare ni tun a ƙofar gida, ta ja ni gefe.

“Yaya, ka zo ka ɗauki Inna. Ba ta cin abinci.”

Na ce ciwo ne? Ta ce ba ciwo ba ne. Makewayin gidan yana gefen turakar mijinta, kuma Inna ba za ta ratsa ta gaban surukinta da buta a hannu ba, balle da rarrafe. In yana gida, ko za ta mutu ba ta fita. Don kada bukata ta kama ta, sai ta rage ci, ta rage sha. Tuwo loma uku, ruwa kurɓi ɗaya.

Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, kuma kirkinsa ya fi komai ƙona mini rai. Da ya gane abin da ake ciki, sai ya riƙa barin gidansa tun da safe, ya je ya zauna a gindin wata tsamiya da igiyar da yake tufka, ko yana da aiki ko ba shi da shi, sai magariba ya dawo, ya yi gyaran murya tun daga nesa. Inna kuma ta gane dalilin fitar tasa. Ta ce ta kori mutum daga gidansa. Sai kunyar ta ninku.

Na shiga na same ta a kan tabarma, ta rame har zoben hannunta ta ɗaure shi da zare. Bayan gaisuwa ba ta tambayi kowa ba sai ɗaki.

“Ka hwasa daɓen?”

Na ce na fasa.

“Mi kas samu ƙarƙashi?”

Na ce tarkacen tukwane da gawayi.

“Ina kak kai su?”

Na ce na zubar. Ta rufe ido. Ta ce shekarar da aka kawo ta, ita da uwar mijinta suka bi gida gida suna roƙon fasassun tukwane, saboda unguwarmu a kan ruwa take zaune, in damina ta yi nisa ƙasa tsattsafowa take yi, tsingaron ne ke raba ruwan da ɗaki. Na ce siminti ba ya jin ruwa. Ta ce ba simintin take ji wa ba.

Sannan ta ce abin da har yau nake ji a kunnena.

“Ka maishe ni gida hakanan. Ko ba ka gama ba. In kwanta zaure, in riƙa gwada maka.”

Na ce a’a. Na ce ba zan kai ta cikin kango ba, mutane su ce na fara abin da na kasa. Na ce saura kaɗan, ta ƙara haƙuri, ranar da za ta koma sai unguwa ta taru. Gaskiyar maganar ita ce ba na son ta zauna a zaure tana gwada mini. So nake ta shigo ta ga an gama, ta riƙe baki. Ƙanwata tana bakin ƙofa tana kuka, na daka mata tsawa na fita.

Sai da aka yi ruwan shuka na gama. Kuma ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Bango sumul ciki da waje har ƙasa, na bi shi da farar ƙasa. Ɗakin ya yi haske, in ka yi magana sai ta dawo maka. Wurin wankan da dakalinsa, da gurbin ajiye sabulu, da rariyar da na yi da guntun bututun ƙarfe. Na zuba bokiti guda na gwada, ruwan ya bi rariya ya fita, na zuba na biyu don daɗi. Mata suka riƙa shigowa kallo, suna shafa bangon suna cewa kamar asibiti. Na ce in na gama noman farko zan ɗauko ta, kafin nan warin simintin ya fita. Noman farko ya wuce, na ce bari in sami gadon ƙarfe tukuna, don gadon kara bai dace da ɗakin ba.

Bokiti biyu ba ruwan soro ba ne. Ranar da aka yi ruwa na gaske na leƙa, na ga indararo yana kwararowa cikin wurin wankan, bututun ya kasa haɗiyewa, ruwa ya taru har idon sawu, ya kwanta a jikin bangon gabas. Da aka ɗauke ya janye, na ce shi ke nan. Ban tambayi kaina ina ya janye ba.

Bayan kwanaki wani farin gishiri ya fito a gindin bangon daga ciki, na share. Ɗakin ya fara wari irin na tsohuwar rijiya. Wata tsaga siririya ta fito, na cike ta, wata ta fito a gefenta, na cike. Wata safiya, ban san abin da ya sa ba, na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa yadda Inna ke yi. Ya amsa kamar ƙwarya. Na ƙwanƙwasa gaba, haka. Amma sai na ce wa kaina ai haka siminti yake amsawa. Da bangon ƙasa ne tsirara, da na ga ya yi duhu, da na ga yana zubowa, da ko makwabta sun gani sun yi mini magana. Na rufe shi ruf, yana narkewa a ciki, fuskarsa fara tas.

A tsakiyar damina aka yi kwana uku ana yayyafi ba ɗaukewa. Rana ta ukun, bayan azahar, ina zaure ina cin dafaffiyar masara, na ji wani ƙara kamar an sauke buhu daga kan jaki. Ba wani babban ƙara ba ne. Na fito na ga bangon gabas ya zauna, soron ya biyo shi, azara sun yi cirko-cirko. Simintin ya ɓalle falle-falle kamar ɓawon ƙwai, abin da ke bayansa kuwa ba ƙasa ba ce, kunu ne. Dakalin wankan kaɗai ya rage a tsaye, ko tsagewa bai yi ba.

Mutane suka taru suna cewa in gode wa Allah ba ta ciki. Na gode. Amma na san abin da ba su faɗa ba. Da tana ciki, ko a zaure, da tun farin gishirin nan ta sa na ɓamɓare shafen, na karkatar da indararo, da ɗakin yana nan. Tsohon maginin ya zo, ya ɗebi laka a hannunsa ya murza, bai ce mini komai ba sai “Allah shi mayar da alheri.” Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwara ta cika ta batse, sai da na yi kwanaki kafin in sami mai ƙetarar da ni. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa. Ban sami damar faɗar ba. Tana ganin yadda na tsuguna ta ce, “Gabas?”

Na ce gabas.

“Azara ta karye?”

Na ce biyu, sauran suna nan.

“To ka hid da su cikin laka, ka aza su bisa duwatsu, kak gara ta ci. Bayan kaka sai a yi tubali.”

Ko kalma ɗaya ta faɗa ba ta yi mini ba. Ni da ke da amsar kowace magana, na zauna ina jira ta ce ai na gaya maka, don in sami abin da zan yi fushi da shi, ba ta ba ni ba. Bayan kaka a yi tubali, ya bushe, a ɗora bango, shi ma ya bushe, sannan a yi rufi. Wata shida ke nan in an yi sauri. Na dubi wuyan hannunta, ita ma ta ga na duba.

Na ce to ta zo mu tafi yanzu, in ba ta bukkata ni in koma zaure. Ƙanwata ta ce tsakar gidanmu ruwa ne, kuma babu macen da za ta kula da ita. Inna ta ce a kai ta. Washegari muka gwada. Ni da mijin ƙanwata muka ɗaga ta, ita tana jan mayafi tana rufe fuska don kada su haɗa ido, muka ɗora ta a jaki. Ba mu kai ƙarshen gonakin ƙauyen ba kanta ya langaɓe, ta sulale a hannuna. Muka mayar da ita. Da ta farfaɗo ta duba rufin ciyawar da ke kanta, ta gane inda take, ta juya fuska ga bango.

Na koma gida na yi abin da ta ce. Ranar da aka karɓi mulki, ’yan makaranta suna zagaya gari da tutoci, ana kiɗa a ƙofar hakimi, ni ina cikin laka har gwiwa ina jan azara. Wani ya leƙo ta katanga ya ce injiniya ba za ka fito ba, yau ranar farin ciki ce. Na wurga masa guntun siminti. Ban san wane ne ba, ban kuma same shi ba.

Na fara bin gidaje ina roƙon fasassun tukwane. Mata suna ba ni suna kallona da tausayi, wasu suna dariya in na juya baya. Na tara kwando goma sha wani abu a gindin rumbu. Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan shinkafa a fadamun Kaoje, na haƙa ramin ƙasa na zuba ciyawa na fara kwaɓi. Tubalin farko suna shanya, ko juya su ban yi ba, wani mai jirgi ya yi sallama ya ce an aiko shi daga ƙetare.

Da la’asar na isa. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, mijin ƙanwata a tsakiya, duk wanda ya zo shi yake fara miƙa wa hannu, don a gidansa ne aka yi rasuwa. Ya taso ya riƙe ni yana hawaye, ya ce sun jira ni, ba a fitar da ita ba. Na nufi ciki kai tsaye, sai na tsinci kaina na tsaya cak a bakin zaure. Gidan wani ne, akwai matan mutane a ciki. Na yi sallama. Hayaniya ta hana a ji. Na sake yi da ƙarfi, na tsaya riƙe da takalmana a hannu, ina jira a ba ni izinin shiga wurin uwata.